Wai hard disk ɗina kayan tarihi ne

Makon jiya laftof ɗina ta mutu. Na rufe ta da dare lafiya ƙalau, da safe na buɗe sai baƙin allo, ba ƙara ba gargaɗi. A nan Leipzig ta Jamus kuma ba kamar kasuwar Farm Centre ta Kano ba ne da za ka faɗa shago ka ce "Malam duba min wannan", sai ka nemi lokaci ta intanet, aka ba ni bayan kwana tara. Shagon tsit kamar ɗakin tiyata, ƙofa mai ƙararrawa, kowane sukundireba da gurbinsa a jikin bango, ga wani saurayi da igiya ɗaure a wuyan hannu wai don kar lantarkin jikinsa ya lalata kayan, ko sannu da zuwa babu balle ya gida. Ya duba ya ce SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta zamani da ke cikin laftof ɗin, ita ce ta tafi, kuma kuɗin ƙoƙarin ciro abin da ke ciki zai fi kuɗin laftof ɗin, shi ma ba tabbas.

Sai na zaro tsohon hard disk ɗina daga jaka, wanda na saya a Kano tun 2014, na ce to a mayar min da abin da na ajiye a nan. Yaron nan ya juya shi a hannu ya yi murmushi ya ce wannan ai kayan tarihi ne. Wallahi maganar ta tsaya min a rai har yanzu.

Eh na sani, SSD ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma babu abin da ke motsi a cikinta, in ta faɗi ƙasa da wuya ta ji. Shi kuwa hard disk faifai ne ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, allura na shawagi a kansa, ka buge shi yana aiki ka gama da shi. Ban musa ba.

Amma abin da ba a faɗa wa mutane shi ne SSD tana da iyakar rubutu, suna kiranta TBW, wato jimillar terabyte (TB) nawa za a iya rubutawa a cikinta, misali Samsung 870 EVO mai 1TB an rubuta mata TB 600. Ba ma wannan ne damuwata ba, mutum irina ba zai cinye shi ba. Damuwata ita ce bayanan cikinta caji ne da aka kulle a ƙananan ɗakuna, in ka ajiye ta a durowa ba wuta cajin yana zurarewa a hankali, zafi kuma yana ƙara masa gudu. Ƙa'idar JEDEC, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin irin waɗannan kayan, ta ce SSD ɗin da ta cinye adadin rubutunta ta riƙe bayani shekara 1 a zafin digiri 30. Digiri 30! Wanda ya rubuta wannan bai taɓa kwana a ɗakin kwano a Sakkwato cikin watan Afrilu ba. Sannan in za ta mutu sau da yawa ba ta sallama, hard disk kuwa yakan fara ƙwas-ƙwas, ya yi nauyi, kamar tsohon da ke faɗa maka jikin nan fa sai a hankali, ka samu ka kwashe kayanka.

Nawa ya sha ƙurar hunturu, ya sha ɗauke wutar NEPA, ya hau acaɓa, ya shiga jirgi, ga shi muka jona shi ya buɗe a gaban yaron. A gida da an ce maka "bari mu gwada" an kira wani daga shagon gaba an taru a kai, a nan kuwa da abu ya tsufa sai kwandon shara.

Babban fayil na farko da ya fito hotunan bikin ƙanwata ne, ga Baba, Allah ya jiƙansa, da babbar rigarsa shuɗiya yana dariya. Na tsaya ina kallo har yaron ya yi gyaran murya, wai mai lokacin ƙarfe uku ya iso. Da daddare na kira Yaya na ce ya sayo wani hard disk ɗin a kwafe na wajensa, ya ce sai bayan sallah in an samu kuɗi.