Wanda bai yi dariya ba a fadarmu

Makon farko da na zo Tuluz, a Faransa, karatu daga Nijar, aka tara mu sababbin ɗalibai baƙi a wani ɗaki. Wata mata ta kwashe kusan awa guda tana mana bayanin yadda ake zama da wanda ba irinka ba. Daga ƙarshe ta raba mana takarda mai adireshin ofishin da ake kai ƙara idan wani ya ci mutuncinka saboda launin fata, addini ko nakasa. Ni kuwa ina zaune ina dariya a ciki. Na ce yau ga Bature zai koya wa ɗan Tawa zama da mutane.

Ina da dalilin taƙama. A kasuwar garinmu na buɗe ido na ga Buzu daga Abalak yana cinikin raƙumi da Ba'adare, Bafulatana tana zagawa da ƙwaryar nono, Balarabe daga Tasara yana shan shayi a rumfar Bagobiri. Da na ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, na tafi Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, can Harobanda ƙetaren gadar Kennedy, abin ya ƙara faɗi. Fadarmu ta dare, inda muke taruwa hira da shan shayi, ta haɗa Bazabarme daga Doso, Babarbare daga Difa, Bafulatani daga Sayi, Bagobiri daga Tibiri, da mu Adarawa biyu. Ba a taɓa ɗora buta kan gawayi ba tare da an fara tsiya ba. Bagobirin ya ce da Bazabarmen: “Kai bawana, miƙo sukari.” Shi kuma ya rama da cewa tun kakanni Bagobiri ke ɗaukar masa kaya. Bafulatani da Babarbare kuwa nasu ba ya ƙarewa sai an kira asuba. Wannan wasan taubasai shi ne UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kuma na ga ya kashe faɗan da wa'azi ya kasa kashewa.

A nan, shekarata ta biyu ke nan a bene guda da wani saurayi, ƙofa na kallon ƙofa, ban san sunan ubansa ba, bai san garinmu ba. Gaisuwar matakala ce kawai tsakaninmu. In ana maganar ɗumin zama, ba na sauya Yamai da nan ko da ƙari.

To amma akwai ranar da aka sare mini gwiwa. Muna cin abinci a gidan cin abincin ɗalibai, ina ta ba ƴan ajinmu labarin taubasantaka da alfahari, har na kawo zancen “bawana”. Wata ƴar ajinmu ƴar tsibirin Martinik, wadda aka kai kakanninta can cikin jirgin bayi, ta ajiye cokali ta tambaye ni: “Wanda da gaske ake ce wa kakansa bawa ne, shi ma yana dariya?”

Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, sai fuskar wani abokinmu ta faɗo mini.

Ɗan yankinmu ne, shi ke dafa mana shayi kusan kullum, kuma ya fi mu duka ƙoƙari a aji. Da an fara wasan bawa da ubangida sai ya duƙa kan gawayi yana fifita, ko ya tuna yana da littafin da zai karɓo a wani ɗaki. Muna cewa miskilanci ne. A shekararmu ta uku ya nemi auren wata yarinya, iyayenta suka aika a binciko asali, mako biyu tsakani aka mayar masa da kayansa. Babu wanda ya faɗi dalili, kuma babu wanda bai san dalilin ba. Mu abokansa me muka ce? Muka ce ya yi haƙuri, matar mutum kabarinsa. Da dare muka koma fada, aka ɗora buta, aka ci gaba da “bawana”.

Abin da na gane daga baya shi ne, taubasantaka wasa ne na mutanen da suka yarda cewa tsaransu ɗaya. Bagobiri yana iya kiran Bazabarme bawa ne saboda dukansu sun san ƙarya ce, kuma gobe za a rama. Wanda kalmar ke bin gidansu har wurin neman aure, har wurin zaɓen liman, ba shi da abin ramawa. Yana zaune tare da mu kan tabarma guda, amma wasan ya wuce ta kansa.

Kada wani ya ce mini zancen da ne. Ƙungiyar Timidria, mai yaƙi da bauta, an kafa ta a 1991 don wannan matsala. Sai a 2003 dokar ƙasarmu ta mayar da bautar da mutum laifin da ake ɗauri a kansa. Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a yankin Konni, cikin jiharmu ta Tawa, sai da ta kai ƙara kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a 2008 kotun ta ce ƙasa ta gaza kare ta, ta ba da umarnin a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A lokacin ina firamare. Ban taɓa jin an ambaci sunanta a fada ba, mu da muke kwana muna gardama kan Falasɗinu da Sankara. Haka ɗan maƙera, haka ɗan mahauta: ana cin tuwo da su, ana tsayawa sahu ɗaya, sai an zo maganar ba da ƴa a ji ana gyaran murya.

Ba ina wanke Faransa ba ne. Na nemi ɗakin haya, an ce akwai, da aka ji sunana da harshena aka ce an riga an kama. Amma abu guda na yaba: sun raɗa wa cutar suna, sun yi mata ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Akwai wani makaho a sashenmu, ana ba shi takardun darasi ta hanyar da kwamfutarsa ke karanta masa, a jarrabawa kuma ana ƙara masa kashi ɗaya cikin uku na lokaci. Ba alfarmar malami ba ce, haƙƙinsa ne, dokar nakasassu ta 2005 ta tsaya masa. Mu kuwa a sakandare muna da ɗan aji gurgu, mu huɗu ke cicciɓar kekensa mu haye da shi matakala. Zumunci ne, Allah ya ba mu lada. Amma ranar da muka makara, a ƙasa yake yini.

Mu Hausawa akwai wani abin da ke ƙara rufe mana ido. Kowa na jin harshenmu, shi ya sa muke ganin zaman ya yi daidai. A fadarmu Bazabarme, Babarbare da Bafulatani duk da Hausa suke hira, ni kuwa shekara huɗu a Yamai ban wuce “fofo” da cinikin tasi a Zabarmanci ba, Buzanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba, alhali da Buzaye na girma. Dokar Nijar ta 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kundin mulkin da aka kafa a Maris 2025 kuma ya ɗaga Hausa ita kaɗai ta zama harshen ƙasa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Sai dai wanda aka ba kujerar gaba shi ya kamata ya riƙa waiwaye.

Ɗalibai ba su taɓa zama ƴan kallo a Nijar ba, ran 9 ga Fabrairu 1990, da jami'an tsaro suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga a kan gadar Kennedy, shaida ne. Ƙungiyoyinmu na ƴan gari kaza da ƴan jiha kaza sun iya haɗa kuɗin mota da buɗa-baki. Ina son in ga ranar da ɗaya daga cikinsu za ta kira zama, ko ran 24 ga Afrilu da muke bikin haɗin kan ƙasa, a ce yau maganar asali za a yi, kuma waɗanda abin ya shafa ne za su fara magana, mu mu yi shiru.

Watan jiya na aika wa abokin nan nawa saƙon murya, ina in-ina, na tambaye shi ko wasan nan na ɓata masa rai a lokacin. Yana koyarwa yanzu a wani ƙauye, ya yi aure, yana da ƴa. Sai bayan kwana biyu ya amsa. Ya ba ni labarin damina da tsadar hatsi, ya tambayi sanyin Turai, ya ce in gaida mutanen da ban sani ba. Sai dab da ƙarshen saƙon ya yi ƴar dariya ya ce: “Malam, ai na ɗauka ba ku lura ba.”