Wa zai ba da umarni idan abu ya ɓaci a Kano?

A ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, 'yan Boko Haram sun far wa hedikwatar 'yan sanda ta Bompai, da ofishin 'yan sanda na shiyya ta ɗaya, da ofishin fasfo na Farm Centre, da wasu caji ofis kusan a lokaci guda, aka rasa rayuka fiye da 180. Wannan rana ta nuna cewa babu caji ofis ɗin da zai iya tsayuwa shi kaɗai idan maharan sun tsara aikinsu.

Yau faɗan daba da ƙwacen waya ne suka fi addabar mu, amma tambayar ba ta sauya ba. Iyakar da ke tsakanin ƙananan hukumomin Gwale da Dala da Birni da Kewaye, wani wurin lungu ne kawai. Matasan da suka sari mutum a wannan ɓangare, kafin a ɗauke shi daga ƙasa sun tsallaka hurumin wani DPO, wato shugaban caji ofis, wanda ko labari bai kai masa ba tukuna.

Ba jami'ai muka rasa ba. Ga 'yan sanda da Sibil Difens waɗanda ke karɓar umarni daga Abuja, ga Hisbah da KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa da 'yan kwana-kwana na jiha, ga 'yan sintiri da suka san kowane lungu da mai unguwarsa. Idan duk suka haɗu a wuri ɗaya, jama'a sun yi cincirindo, hayaƙi na tashi, wa zai ce wa wane tsaya nan?

A ganina ya kamata kwamishinan 'yan sanda ya sa DPO-DPO masu maƙwabtaka su rubuta yarjejeniya, sauran hukumomin su sa hannu. A fayyace cewa babban jami'in da ya fara isowa shi ke riƙe da ragama har ya miƙa ta, kuma wanda ya biyo ɓarawo ba zai tsaya neman izini a bakin iyaka ba. A ware layi ɗaya na wayar oba-oba da kowa zai hau, domin wayar salula takan cushe daidai lokacin da aka fi buƙatarta, kuma a haɗa shi da lambar gaggawa ta 112.

Takarda kaɗai ba za ta wadatar ba. Sai an yi atisaye tare a wuri mai wuyar shiga irin kasuwar Kantin Kwari, a ga minti nawa KAROTA za ta ɗauka kafin ta kawar da 'yan adaidaita sahu ta buɗe wa motar marasa lafiya hanya zuwa Asibitin Murtala.