Masu kai goɗiya barbara, ku daina tambayar launi

Jama'a wai me yasa in mutum yana neman ingarman da zai hau goɗiyarsa tambayar farko ita ce "akawal ne ko kili?" Haba dai! Launi da cika ido na hawan sallah ne, amma in dokin polo ko na sukuwa kake so a haifa maka to launi bai taɓa bin ƙwallo ba.

Ni a ganina ingarma a jikin 'ya'yansa ake gane shi. Kace a fito maka da duƙushi biyu ko uku da ya haifa da goɗiyoyi daban daban, a jawo su a ƙasa mai tauri kana tsaye a gabansu ka zuba wa ƙafafun gaba ido, sun miƙe ko gwiwa ta karkace, kofato na sauka daidai ko yana sharar gefe, sannan ka ja ɗan barga gefe (ba maigidan ba fa, shi talla zai maka) ka tambaye shi halin uban, yana cizo? yana harbi? yana karɓar linzami ko sai an yi dambe? Dokin da ke tutsu in ya ga sanda ta gifta ta gefen idonsa ba shi da amfani a fili komai gudunsa. Kuma fa cikin goɗiya wata 11 ne, bayan nan ka yi shekaru kana zuba harawa da dusa kafin ya fara wasa, wannan ba kuɗin da ake caca da shi bane.

Abin da yafi ban haushi shine yadda muke raina uwa. Da an ji "ɗan Ajantina ne" shikenan kowace goɗiya aka samu sai a kai mishi. Alhali su mutanen Ajantina ɗin mafi yawan dawakan da suke manyan wasanni da su mata ne. Adolfo Cambiaso, shahararren ɗan wasan polo na Ajantina, goɗiyarsa Cuartetera ya sa aka kwafo a kimiyyance, wato aka samar da dawakai irinta sak daga ƙwayar halittarta, har ya hau guda 6 daga cikinsu a wasan ƙarshe na babbar gasar polo ta Palermo a Ajantina a 2016. Uwa suka kwafa fa, ba uba ba.

Sannan don Allah kafin a haɗa su likitan dabbobi ya duba duka biyun, akwai cutar dawaki da ta hanyar barbara kaɗai kusan take yaɗuwa, ingarma ɗaya mai ita sai ya shafa wa duk goɗiyoyin da aka kawo mishi.