Ihun Birki a Layin Danja

Takalmin birkin gaba na 'yar motata ya cinye, bakanike ya ce a sayo na kamfani a ɗaura. Da an yi an gama, ba don ƙanin matata yana wurin ba. Kun dai san irinsa. Ko keke bai taɓa mallaka ba, amma duk tseren motocin duniya yana cikin wayarsa. Ya ce, "Haba Yaya, mota mai ƙofa biyu irin wannan ka sa mata takalmin 'yan fansho?" Wai na kamfani an yi shi ne don shiru da ƙarancin ƙura, da ya sha zafi sai ya saki, alhali ga na filin tsere mai ƙarfe da yawa a haɗinsa, wanda ke riƙewa ko zafi ya haura digiri 600. Bakanike ya ce ai masu ƙera mota wurin kamfanonin birki irin su Brembo da Akebono suke ba da aikin takalmi, a gwada shi da nauyin motar da faifan birkinta, wato farantin ƙarfen da takalmin ke matsewa, saboda haka na kamfani ba abin rainawa ba ne. Yaron nan ya yi dariya. Ni kuwa zancen fanshon ya riga ya sosa min rai. Aka ɗaura na tsere.

Har horon da ake yi wa sabon takalmi mun yi masa, inda za ka ɗauki gudu ka taka birki da ƙarfi ba tare da ka tsaya cak ba, ka yi ta maimaitawa har ya shafa wa faifai jikinsa. A wannan yammacin motar tana tsayawa har wuyana na amsawa. Na yi barci da murmushi.

Da safe da sanyi na nufi aiki. Danja ta ba da ja, layi ya yi tsawo, kowa gilashinsa a ƙasa. Na ɗora ƙafa a hankali, irin takun masu natsuwa. Da farko motar ta ƙi kulawa, don takalmin tsere sai ya yi zafi yake kamawa sosai. Na ƙara dannawa. Jama'a, sai ga wani ihu daga tayoyin gaba, kamar an take wutsiyar kare an ƙi ɗagawa. Kuma ba gajere ba. Tun daga nesa ya fara, ya raka ni har bayan motar gabana, ya ƙare da wani siririn "kiiii" da ya ƙi mutuwa. Na ɗan sassauta don ya yi shiru, motar ta gangara, na sake takawa, ya sake ɗaukowa daga farko. Wata mata ta toshe wa jaririnta kunne. Wani mai babur ya dire ƙafa ya juyo gaba ɗaya don ya gan ni da kyau.

Sai wani dattijo a motar gefena ya leƙo. Bari in faɗa muku motarsa: fitila ɗaya, ƙofar baya ɗaure da waya, salansa na tari. Ya dube ni da tausayi, tausayin nan ne ma ya fi ci min rai, ya ce, "Ɗana, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Ka lallaɓa ka canja takalmi, rai ya fi kuɗi."

Na ce, "Baba, sabo ne."

Ya ce, "To an cuce ka."

Na ce na tsere ne, shi haka yake, ƙarfen da ke cikinsa ke sa shi girgiza a kan faifai in bai yi zafi ba. Ya kalli layin motocin da ke gabanmu, ya kalli na bayanmu, ya ce, "Da wa kake tseren?" Yaran da ke bayan motarsa suka fashe da dariya. Ina cikin haɗa amsa danja ta saki, aka rufe ni da hon, shi kuma ya ja abarsa cikin hayaƙi.

Abin da har yau nake jin haushinsa, a danja ta gaba mun sake jerawa, kuma wallahi gwangwanin nan nasa ya tsaya ko ƙis babu. Ni na iso da rakiyar ihuna. Bai ce komai ba wannan karon, kai kawai ya girgiza, ya nuna min tayata da leɓe. Mutumin da ƙofarsa ke ɗaure da waya! Na san yana da hujja, ɗan ƙarfen gargaɗin da ake maƙala wa takalmi haka yake kuka in takalmin ya kusa ƙarewa. Amma wa ya tambaye shi? Tun daga ranar, duk tsohuwar mota mai fitila ɗaya na hango sai na canja layi.

Da na koma gida na ɗauko kwalin, can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta ba a yi shi don titi ba. Ko hatimin R90 da Turai ke sa wa takalmin da aikinsa bai kauce wa na kamfani da fiye da kashi 15 cikin ɗari ba, babu shi a jiki. Na nuna wa gwanin namu. Ya ce wannan surutun lauyoyi ne, matsalar ita ce ba na gudu yadda takalmin zai ɗumama.

Yanzu wilin gaba ya yi baƙi ƙirin da ƙura, faifai ya fara zurmawa, matata ta ce in riƙa sauke ta nesa da ƙofar wurin aikinsu. Mai gadin ofishinmu kuma tun ban shawo kwana ba yake buɗe get. Na sayo na kamfanin, yana but, bakanike ya yi tafiya. Shi kuma ƙanin matar tawa, jiya ya turo min bidiyo a kan man birki na tsere, ban buɗe ba tukuna.