In Ka Kai Shekara 200, Wa Zai Amsa Sallamarka?

Jiya ƙanena ya miƙo min waya yana zumuɗi, wai in ga Bryan Johnson, attajirin Amurka da ya ɗaura ɗamarar yaƙi da mutuwa. Kusan dala miliyan 2 yake kashe wa jikinsa duk shekara. Kafin rana ta take ya gama cin abincin yini, 8:30 na dare ya kwanta shi kaɗai. A 2023 har ruwan jinin ɗansa mai shekara 17 aka ƙara masa. Ƙanen nawa ya dube ni ya ce, "Yaya, wannan ne ya san rayuwa." Wallahi raina ya ɓaci, domin mako biyu ke nan bai leƙa mahaifiyarmu ba, wai kada jadawalin barcinsa da motsa jiki ya lalace.

Samari, ba neman lafiya nake hana ku ba, jiki amana ne. Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda kuka mai da mutane kaya masu nauyi. Aboki na kwance ba a duba shi, ana ƙirga bugun zuciya a agogon hannu. An yi rasuwa, sai a tura saƙon kalma uku a koma ɗaga ƙarfe. Ga wayar nan ma da ba ta barin hannunku ko dattijo na magana! Garin neman ƙiba za ku samo rama, mutum fa rahama ne.

Jeanne Calment ta Faransa ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Ta binne 'yarta tilo a 1934, ta binne jikanta tilo a 1963. Shekara 34 ta ƙara babu jininta ko ɗaya. A jihar Arizona ta Amurka akwai gawarwakin da aka daskarar, ana jiran kimiyya ta tashe su, akwai wanda ke jira tun 1967. A ce ya tashi, wa zai kira shi da sunan yarinta?

Kun manta da itaciyar dawwama Iblis ya yaudari Annabi Adamu?

Ku koma cikin mutane, don Allah. Iyayenmu ba su san adadin takunsu ba, amma ƙafarsu ta san ƙofar kowane ɗan'uwa. Sukan kwana zaune a kan majinyaci, gari ya waye ido ja, babu mai cewa an ɓata masa barci. Jiya da dare mahaifiyarmu ta sake tambayata ko yaron nan lafiya yake, na rasa abin da zan ce mata.