Tsaka a cikin sabar gidanmu

Akwai wata tsohuwar kwamfuta ta ofis mai ƙaton akwati da na siyo na hannu, na saka mata faifan ajiya guda biyu masu tera 4 kowanne, na ɗora mata TrueNAS, manhajar da ke mayar da kwamfuta rumbun ajiyar fayiloli, na tura ta ƙarƙashin tebur a ɗakin baƙi. Ita ce sabar gidanmu, wato kwamfutar da ke ajiye fayiloli tana miƙa wa sauran na'urorin gidan. Hotunan suna, bidiyon biki, takardun fili, karatun malamai da nake tarawa tun zamanin ana tura abu ta bulutut, duk suna cikinta. Faifan biyun kuma haɗin madubi na musu, wato zaman kishiyoyi kenan, duk abin da aka ba ɗaya sai an ba ɗayar irinsa sak, in ɗaya ta kwanta ɗayar ta riƙe gida. Na sha cika baki da wannan a majalisa har abokai sun laƙaba min injiniya.

To ran wata Juma'a cikin hunturu sai ga ƙanwar madam da za a aurar ta zo da ƙawayenta, wai bidiyon kamun yayarta suke son kalla su ɗauki salon ado. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, na ɗauko laftof ina wani ƙasaita. Na danna folda, shiru. Na buga adireshin saba a burauza sai juyi kawai yake. Na aika mata ping, ɗan saƙon gwada ko tana raye, ta amsa, na shiga ta SSH, hanyar ba ta umarni daga laftof, ta karɓi faswod ɗina sannan ta yi gum, wato sallama kawai take amsawa amma ba za ta fito ba.

"Abban Hanifa lafiya dai ko?" in ji madam.

Na ce lafiya lau, ɗan tunani take yi.

"Yaya ko mu dawo gobe?" amarya ta faɗa, ƙawayen nan suna ta ƙunshe dariya a cikin mayafi.

Ita sabar ba ta da allo nata, dole na kwance talabijin ɗin falo yara suna tsaka da kallon katun, kuka ya kaure, na kinkimo shi ɗakin baƙi sai na tarar kwamfutar ma ba ta da ramin HDMI sai VGA, na fita gidan maƙwabci aron kebul da ɗan abin haɗawa shi kuma ya biyo ni wai zai taya ni gani, ga shi abin da ya sani a kwamfuta bai wuce kunna ƙira'a ba. Da allo ya kawo sai ga farin rubutu kan baƙi yana ta zuba, duk ƙorafin an nemi faifai bai amsa ba. Ashe ZFS, tsarin da ke riƙe da fayilolin, in ya ga duka faifan sun daina ba shi amsa dakatar da komai yake ya zauna jira, ya gwammace gida ya tsaya cak da ya rubuta shirme. Halin kirki ne wannan, amma ba a gaban ƴan biki ba.

Na danne maɓalli ta mutu, na kwance murfi. Jama'a ƙura. Fankar nan ta yi gemu. Ina saka hannu sai wata ƙatuwar tsaka ta yi tsalle daga bayan faifai ta nufi ƙofa inda ƴan matan suka yi cirko-cirko suna leƙe, wallahi ihun da aka yi har mai shagon bakin layi sai da ya aiko tambaya. Maƙwabcina ya gyaɗa kai ya ce shikenan an gano matsala, fitsarin tsaka ne. Ƴan biki dai ko sallama babu.

Bayan na karkaɗe ta da burushin fenti na kunna, sai na duba SMART, rahoton lafiyar da kowane faifai ke rubutawa a kansa. Na farkon lamba 199 ce ta haura dubbai, ita kuma wannan tana nufin bayanai a hanya suke lalacewa tsakanin faifai da uwar allon kwamfuta, yawanci laifin kebul ɗin SATA da ke haɗa su ne. Na taɓa kebul ɗin kuwa yana lilo, bakinsa ya tsage. Na canza wani, lambar ba ta komawa sifili ko an gyara, abin dubawa dai kar ta ƙaru, kuma ba ta ƙaru ba. Na biyun shi ne majinyacin gaske, lamba 5 da 197 duk sun tashi, ma'ana wasu gurabe sun mutu an musanya su wasu kuma sun ƙi karantuwa, ga wani ƙit ƙit da yake yi in ka kara kunne.

Har na fara murna an gama sai na ga kuskuren tantance bayanai ya fito a faifan biyu lokaci guda kuma adadi ɗaya. Faifai biyu ba sa haɗa baki su yi ƙarya iri ɗaya, sai dai in mai kai musu saƙon ne ya ruɗe, wato RAM, ma'ajiyar wucin gadi da bayanai ke bi kafin su isa faifai. Na zuba Memtest86+, manhajar gwajin RAM, a filash na kunna ta da shi, allo shuɗi tas, can sai jan layi ya fara fitowa. Shi wannan gwaji awanni yake ci kuma ba ya ɗorawa daga inda ya tsaya, ya kusa kammala zagaye kenan aka ɗauke wuta, batirin inbata ya ja ɗan abin da zai ja ya yi ƙara ya mutu. Na tada janareta tsakar dare saboda gwajin RAM, madam ta leƙo ta ce ita ko lokacin da take zazzaɓi cikin zafin Afrilu ban tada mata shi ba.

Washegari na ciro sandunan RAM ɗin guda biyu masu giga 4, na saci kilinar Hanifa daga jakar makaranta na goge bakin nan mai ruwan zinare, na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ta wuce lafiya, ɗayar duk ramin da na saka ta ja take fitarwa. Saura giga 4 kenan alhali TrueNAS giga 8 yake nema mafi ƙaranci. Haka na lallaɓa ta na kwashe bidiyon kamu da takardun fili zuwa laftof kafin komai, na tura wa amarya, ta amsa da "mun gode Yaya, tsakar ta fita?"

Sai kasuwa. RAM ba ta ba ni wuya ba, samfurin DDR3 ce ta tsufa ta yi araha. Faifai ne da mai shago ya faɗi kuɗin sabo na nemi benci na zauna. Ya ce to akwai wani ɗan Turai, sabo ne fil leda kawai aka cire, rabin kuɗi. Na ce a jona min shi a laftof tukuna. Na buɗe SMART na duba lamba 9 mai ƙirga awannin da faifai ya yi a kunne, sai ga sama da dubu 35, shekara kuma awa 8,760 ce, wato bawan Allah ya yi shekara huɗu yana aiki dare da rana. Na juya masa allon ya gani. Ya ƙura ido ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji ai a can ya yi su, can kuwa babu ƙura."