Alamar "18" ba ta isa teburin mai shayi

A bakin kasuwar garinmu, tsakanin Ringim da Taura, akwai mai shayin da ya haɗa sola da dish domin masu kallon ƙwallo. Ranar da babu wasa, bayan sallar isha'i, sai ya kamo ɗaya daga cikin tashoshin nan da ba su da aiki dare da rana sai labarin kisan kai na gaske, irin su Investigation Discovery. Wani saurayi da ya gama sakandare shi ne tafinta: yana kallo yana fassara wa jama'a. A daren da na zauna a wurin, labarin wani magidanci ne da ya kashe matarsa ya ɓoye gawar, 'yan sanda suna bin sawunsa. Na ƙirga yara 9 a tsaye bayan benci, wasu almajirai da robobinsu a hannu, babban cikinsu bai wuce shekara 12 ba. Da aka fara shirin wata 'yar alama ta bayyana a kusurwar allon, ta yi daƙiƙoƙi ta ɓace. Ko mutum ɗaya bai dube ta ba.

Wannan alamar tana da tarihi. A Amurka an fara manna ta a shirye-shiryen talabijin a Janairun 1997, bayan dokar sadarwa ta 1996. Akwai TV-G na kowa da kowa, TV-PG da ake so iyaye su sa ido, TV-14 da bai dace da ɗan ƙasa da shekara 14 ba, sai TV-MA na manya zalla. Daga baya aka ƙara haruffa, kamar V da ke nufin akwai tashin hankali. Tana fitowa na daƙiƙa 15 a farkon shiri, kuma tun shekarar 2000 ana ƙera akwatunan talabijin na can da wata na'ura da ke karanta alamar ta toshe abin da iyaye suka hana. A Ingila agogo suka riƙe: abin da bai dace da yara ba sai an buga ƙarfe 9 na dare. Mu ma muna da namu. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana ba fim lambar 12 ko 15 ko 18, jihar Kano tana da tata hukumar tun 2001, dikodar DStv kuma tana da lambar sirri ta kulle tasha.

Duk wannan tsari an ɗinka shi ne da awon wani irin gida: akwatin talabijin a falo, uba ko uwa mai karanta Turanci, rimot a hannunsu, yaro kuma yana da lokacin kwanciya. A ƙauye akwatin yana waje, na mai sana'a ne, kuma yawan 'yan kallo shi ne cinikinsa. Uban yaron yana majalisa a wata unguwa, uwar tana cikin gida, almajiri kuwa iyayensa suna wani gari. Wa aka rubuta wa TV-14 a nan?

Abin ya fi muni a waya. Je shagon caji ranar kasuwa ka ga yadda ake tura bidiyo a memori. Wanda ya yanko shirin daga intanet ya riga ya sare farkonsa, inda alamar da gargaɗin suke, domin kowa wurin da ake tono gawa yake so. Wayar nan kuma ita ce za ta kwana a hannun ƙanne.

Ba na cikin masu cewa a haramta shirye-shiryen nan, domin na ga amfaninsu da idona. A ƙauyukanmu idan aka tsinci gawa a gona, kafin ɗan sanda ya iso daga hedikwatar ƙaramar hukuma jama'a sun tattake wurin, wani ya ɗaga wuƙar ya duba, wani ya juya mamacin, dattawa kuma suna hanzarin a yi masa sutura kafin rana ta faɗi. Niyyar mai kyau ce, amma shaida ta tafi. Saurayin da ya kalli yadda ake ɗaukar zanen yatsa da gwajin jini ya san dalilin da ya sa ake killace wuri, ya kuma san cewa wanda kowa ya fara nuna wa yatsa sau da yawa ba shi ne mai laifin ba. A ƙasar da ihun "ɓarawo" kaɗai ke iya sa a kashe baƙo, wannan ilimi ne mai tsada. Babba zai iya tsince shi daga cikin shirin. Yaro ɗan shekara 10 abin da yake ɗauka daban ne. Ɗan yayata, bayan wani dare irin wannan, ya tambaye ni: "Kawu, ashe idan mutum ya goge wurin da kyau ba za a kama shi ba?" Kwana biyu kuma ya ƙi fita fitsari da dare sai an raka shi.

Akwai kuma abin da alamar ba ta aunawa sam. Tana ƙirga yawan jini da zagi da tsiraici, shi ya sa shirin da ba a nuna rauni ƙarara ba yake samun TV-14 ko da ya bayyana dabarar kisa daki-daki cikin murya mai sanyi. Ba ta tambayar ko uwar mamacin ta yarda a mai da mutuwar ɗanta abin kallo tsakanin talla da talla. Fim ɗin faɗa idan ya ƙare wanda aka harbe yana tashi ya karɓi kuɗinsa. A nan gawar ta gaske ce, tana da dangi. Ko a can Amurka abin ya taɓa kai su ga nadama. A watan Mayun 2010 'yan sandan Detroit suka kai samame wani gida da tsakar dare, masu ɗaukar shirin The First 48 suna biye da su da kyamara, harsashin ɗan sanda ya kashe yarinya 'yar shekara 7 da ke barci a kan kujera. Bayan haka magajin garin ya hana masu kyamara bin 'yan sanda wurin aiki.

To namu na gida fa, wanda ko alamar ba shi da ita? Ina nufin bidiyon holin waɗanda ake zargi: a zaunar da mutum a ƙasa da ankwa, a kafa masa makirufo, ya faɗi da Hausa yadda ya yi da abin da ya yi amfani da shi. Wannan ba ya bukatar tafinta, kuma cikin awa guda ya zagaye Facebook da WhatsApp. Kowa ya tuna yarinyar nan 'yar shekara 5 da mai makarantarsu ya sace a Kano a Disambar 2021, aka gano gawarta a Janairun 2022, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. An yi adalci, alhamdu lillahi. Amma a makonnin da aka kama shi na ji yaran firamare a garinmu suna maimaita bayaninsa kalma da kalma, har da kuɗin abin da ya saya. Shi an tabbatar da laifinsa a gaban alƙali. Wasu kuwa ana holinsu, daga baya kotu ta sallame su, amma bidiyon yana nan, kuma a ƙauye wanda aka gani da ankwa har jikokinsa sai an yi musu gori. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai an tabbatar. Jihar Legas ta hana irin wannan holi a dokarta tun 2021, ban ga abin da zai hana majalisun Kano da Jigawa rubuta haka a tasu ba.

Abin da nake nema daga gidajen rediyo da talabijin namu, da duk mai shafin da ke yaɗa labarin kisa, ba shi da wuya. Gargaɗin ya zama na baki, da Hausa, kunne ya ji: "Iyaye, a janye yara, abin da ke tafe bai dace da su ba." A maimaita shi bayan kowace talla da kuma tsakiyar bidiyo, yadda mai yanka ba zai iya sare shi duka ba. A rufe fuskar mamaci da ta wanda kotu ba ta kama da laifi ba. A faɗi cewa an yi kisa, a bar bayanin yadda aka yi wa alƙali. Hukumar tace fina-finai kuma, da take ba gidajen kallo lasisi, ta sa wannan cikin sharuɗɗa, ta fassara ma'anar 12 da 15 da 18 a takarda, da boko da ajami, a manna a bakin ƙofa. Sauran aikin na mai unguwa ne da liman da malamin tsangaya, domin su ne maganarsu ke isa inda takardar gwamnati ba ta zuwa.

Washegari da safe na koma wurin mai shayin, lokacin ba kowa sai shi da tukunyarsa. Na ce, "Malam, ka san abin da 'yar alamar nan ta kusurwa take nufi?" Ya ce, "Wallahi, Alhaji, na ɗauka sunan tashar ne." Da na yi masa bayani ya yi shiru, domin biyu daga cikin yaran daren jiya nasa ne. Ya ce korar yara daga bakin teburi ba za ta yiwu ba, ka kore su ta nan su ɓullo ta can, amma zai bar tashar sai ƙarfe 10, lokacin da malamin tsangaya ya kira almajiransa. Har yau bai san lambar sirrin dikodarsa ba, wanda ya haɗa masa ita a Dutse yake.